Saura Mutum Ɗaya

Jiya Lantana ta ajiye biro ta ce,
"Malam, abin da ido bai taɓa gani ba,
ta ina kai zai kama shi?"
Na kwana da tambayar kamar tsakuwa a takalmi.

Yau da asuba a tashar Agege, ana yayyafi,
danfo ta tsaya tana tari,
kwandasta ya rataye a ƙofa, murya ta dishe:
Oshodi! Saura mutum ɗaya!
Sai na ga kulorin a gabana, har da rawayan fentinta.
Bakwai gare ta a da'irar waje, takwas take nema,
kuma wallahi unguwar nan ba mai sakat
sai ta cike gurbin.

Can gefe ga wata motar,
layukan gaba sun cika maƙil,
kujerar baya kuwa mutum ɗaya tal,
nesa da direba, ƙafa ɗaya a waje, yana duba agogo.
Ban tambayi sunan motar ba, na san sodiyam ce.
Kafin ƙiftawa ya dire, ya faɗo tamu.
Waccan ta rasa ta huta, tamu ta samu ta huta,
suka hau titi hanci da wutsiya,
ko cunkoson Ikeja bai raba su ba.
Ga gishiri ke nan, Lantana,
wanda kika barbaɗa wa wake daren jiya:
ɗaya mai tashin wuta in ya taɓa ruwa,
ɗaya mai shaƙe numfashi,
da suka gama cinikinsu sai miya ta yi daɗi.

Doguwar shuɗiyar bas ta wuce ta layinta,
gilashi a rufe, ba ta kalli kowa ba.
Niyon ke nan. Wanda ya ƙoshi
ba ya sallama a ƙofar maƙwabci.

An matse ni tsakanin buhun barkono da gwiwar wani tela,
na tuna, na yi dariya ni kaɗai:
furoton da nutiron sun dunƙule a cibiya,
nauyin duk nasu ne,
ilektaron na can nesa yana shawagi,
tsakaninsu fili ne fetal.
Duk faɗin Legas, ashe filin da dillalai ba su yanka ba
yana cikin ƙwayar zarra.

Da muka iso, kwandasta ba canji.
Ya miƙa ɗari biyar guda
tsakanina da wata mai kwandon kifi,
ya ce ya ɗaura mana aure, mota ta ja.
Ba tawa ba ce, ba tata ba ce, tamu ce.
Ta riƙe gefe, na riƙe gefe,
ba na jin Yarbancinta sosai, ba ta jin Hausata,
amma inda ta taka nan nake takawa.
Ruwan da ke jiƙa mu ma haka ya zo duniya:
oksijin ta kama haidirojin biyu,
ba kyauta, ba ƙwace, tarayya.
Sai da muka sayi ƙosan da ba mu yi niyya ba
kafin takardar ta fashe.
Haɗi ba ya rabuwa a banza, sai an biya.

Na makara.
Ƙofar makaranta ta bar mini ja a tafin hannu,
ƙarfe da iska da laimar teku
sun shekara suna ƙus-ƙus ba wanda ya ji.
Alli ya jiƙe, ya ƙi rubutu.
Lantana na layin gaba, ta naɗe hannu, tana jira.
Na ɗaga tafina mai tsatsa na ce,
a rufe littafi.
Wa ya zo a danfo yau?